Maɓallan Roba a Bakin Balkisu

Tun da muka dawo daga Badun ban sha fura cikin kwanciyar hankali a bakin tashar Aliero ba. Duk wanda ya hango ni sai ya jawo benci ya ce, "Umaru, wai da gaske na anka yi ma ƙanwarka linzami?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura kafin ya kai Jega an ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wani mahauci ya rantse mini cewa haƙoran zinariya aka dasa mata. To ga shi na rubuta yadda aka yi, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni mai ɗori ne, ɗan mai ɗori. Tun rasuwar mahaifinmu, ƙanensa Baffa Sani ne babba a zauren gidanmu, ni kuma nake bi masa. Balkisu ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana koyarwa a firamare a Maiyama, inda take aure. Shekara biyu da suka wuce ɗan kabu-kabu ya kayar da ita a hanyar Andarai, ta daki dutse da baki. Ƙashin da ke riƙe da haƙoranta na sama ya tsage, huɗu na gaba suka koma ciki. Mijinta Malam Bello ya so a wuce da ita asibiti, na ce ɗiyar gidan ɗori ba ta zuwa asibiti don karaya. Na mayar da ƙashin da hannuna, na ɗaure. Ya kama kuwa, amma a karkace ya kama. Haƙoran sama suka zauna a bayan na ƙasa, ba ta iya gatsa ko dafaffen dankali, in ta yi magana kuma rabin kalmar a cikin baki take maƙalewa. Mutanen gari suka ɗauka faɗuwar ce ta bar ta haka, ni kuma ban gyara musu zance ba.

Bara muka samu labarin wata likitar haƙori a Badun mai jera haƙora, muka je. Bayarabiya ce, ta yi bautar ƙasa a Sakkwato, tana jin Hausa gwargwado. Ita ta fara gaya mini a fuska cewa da an kawo Balkisu asibiti a makon da ta faɗi, da ba a kai ga haka ba. Ta nuna mana yadda gyaran yake: akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da ake mannawa a fuskar kowane haƙori, ita biraket take ce musu, ni maɓallai nake ce musu. Kowane maɓalli yana da tsaga a tsakiya da 'yan kunnuwa a gefe. A cikin tsagar ake kwantar da waya, a ɗaure ta a kunnuwan, wayar ce ke jan haƙori a hankali har ya koma mazauninsa. Ta ɗora iri biyu a tafin hannunta, na ƙarfe da na farar roba mai kalar haƙori, ta ce ita na ƙarfe za ta so. Kafin Balkisu ta buɗe baki na ce na roba. Na ce mata wai don kada yaran aji su riƙa yi wa malamarsu dariya. Gaskiyar ita ce ƙarfe daga nesa ake ganinsa, kuma duk wanda ya gan shi a Aliero zai tambaya me ya kai ɗiyar gidan ɗori wurin likita.

Wata ukun farko lafiya lau. Bello ya mayar da ita aka sa waya mai kauri, daga nan abin ya fara lalacewa. Maɓallan suka rine, miyar manja ta mayar da su ruwan ɗorawa, abin da na saya don kada a gani ya koma shi ake fara gani. Sai kunnen ɗaya ya ɓalle wajen asuwaki, waya ta saki. Da aka aiko mini, na yi abin da muka gada. A gidanmu ɗauri in ya saki ƙara ja ake yi, ciwo kuma gashi ake masa. Na sa ta riƙa kuskure baki da ruwan zafi safe da yamma. Ranar kasuwar Jega na kai ta rumfar wani mai gyaran agogo, na ari 'yar filayarsa da gilashin idonsa, na samu siririyar waya na murɗa a kan maɓallan kamar yadda nake jan ɗaurin ƙafa. A murɗi na uku na ji ƙas, sannan na sake jin ƙas. Mai agogo ya miƙo hannu ya karɓe filayarsa.

Daga ranar bakin wayar ya riƙa yankar mata leɓe. Ta koma shan kunu da fura, ta rame, tana koyarwa da gefen mayafi a baki. Bello ya zo har gida, bai ko zauna ba. Ya ce Kebbi sabuwar jiha ce, aiki ya yi musu yawa a sakatariya, ba za a ba shi hutu ba. "Kai kaɗ ɗaure, kai kaz zaɓi roba, kai kam murɗe. Kai za ka kai ta." Na ji zafin maganar, amma babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Motar albasa muka bi, ta wani direba Tanko, abokina tun muna makarantar allo. An gama lodi da hantsi a Aliero, muka ratsa Jega, muka tsaya Maiyama muka ɗauki Balkisu. Ta fito da 'yar jakarta da kwalin ashana a dunƙule a hannu. A ciki ta tara duk gutsattsarin robar da suka faɗo daga bakinta, ta ce likita za ta so ta gani. Ta zauna ta bakin taga, ni a tsakiya, gwiwata na karo da giya duk sanda Tanko ya canja. Wanda bai taɓa tafiya a motar albasa ba, to ya sani albasa ba ta son jira, direbanta ma haka. In ka ce masa za ka kama ruwa sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Bayan mun bar ƙasar Yawuri, wajen iyakar jiharmu da Neja, masu kaki suka tsayar da mu a shinge. Ɗayansu ya dubi takardun mota ya dubi Tanko, ya ce takarda ta ce Sakkwato, baki ya ce Kebbi, wanne zai ɗauka. Tanko ya ce masa motar ta girmi jihar, shi ya sa. Mai kakin yana cikin dariya idonsa ya kai kan hannun Balkisu. Mace ta rufe baki da mayafi, ta damƙe kwalin ashana, ba ta magana. Ya ce a miƙo. Na fara bayani, bai saurare ni ba, ya ja kwalin a kife, duk abin da ke ciki ya zube a jar ƙasa. Balkisu ta sauke mayafin ta nuna masa bakinta. Bawan Allah nan ya ajiye bindigarsa a jikin taya ya durƙusa, ni ma na durƙusa, muka shiga tonon ƙasa muna neman abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Guda biyar ne, muka samu huɗu. Ya yi ta ba da haƙuri da Hausarsa ta barikin soja, Tanko kuwa yana ta danna ham saboda albasarsa.

A wani gari da muka tsaya sallar la'asar ana soya kifi a bakin hanya, irin manyan nan na kogi. Na saya wa Balkisu kunu, ni kuma na zaga bayan mota na ci kifina a tsaye don kada ta gani. Da na shigo ta sunsuna ta ce, "Yaya, ko ka wanke hannu da kananzir sai na ji. Ci abinka gabana, ba kai ka da waya ga baki ba." Tanko ya yi dariya har ya kusa barin hanya. Ni dai kunya ta kama ni har muka kai Mokwa, inda muka kwana, ita a ɗakin wata mai tuwo da Tanko ya sani, mu a ƙarƙashin mota.

Washegari muka haye gadar Jebba. Daga nan ƙasa ta canja, harshe ya canja, har akuyoyinsu gajeru ne. Muka shiga Badun da rana tsaka. Garin ba ya ƙarewa, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka. Muka sauka a unguwar Hausawa, gidan Alhaji Muɗi dillalin albasa, mutumin Alelu ta wajenmu da ya shekara talatin a can amma har yau bakinsa na gida ne. Abin da ya fi ba ni mamaki matan kasuwarsu. A wurinmu namiji ke tsayawa a kan buhu ya yi ciniki, a can mace ce za ta ɗaura ɗamara ta hau kan mota, ta zare albasa daga tsakiyar buhu ta latsa, ta yi wa Tanko faɗa da Yarabanci, shi kuma yana ta "to Mama, to Mama". Gaisuwarsu kuma, saurayi da kaya masu tsabta sai ya kwanta rub da ciki a gaban babba. Mu da muke ganin durƙusonmu ya kai, ashe wasa muke.

Matar Alhaji Muɗi Bayarabiya ce, Iya ake ce mata. Ta dubi Balkisu sau ɗaya ta gane abin da ake ciki, ta tuƙa amala mai laushi, tuwonsu na garin doya, ta yi miyar ewedu, wadda ba komai ba ce illa lalonmu da aka kaɗa har ya yi santsi. Ba a tauna shi, haɗiya kawai ake yi. Balkisu ta cinye malmala biyu, abincin kirki na farko da ta ci cikin makonni. Ni kuwa aka zuba mini jar miyar da ke gefe, na yi loma ɗaya na ji kamar an hura mini wuta a kunne. Iya ta miƙo mini ruwa tana faɗin wata magana, Alhaji ya fassara, wai maza masu taurin kai barkono ne maganinsu. Ban san wa ya ba ta labarina ba, amma na ga Balkisu ta sunkuyar da kai.

Da safe muka je wurin likita. Ta kwantar da Balkisu a kujerar nan mai komawa baya, ta haska fitila, ta daɗe tana dubawa. Ta zaro siririyar wayar da na murɗa ta ɗaga ta sama.

"Wannan ba nawa ba ne," in ji ta.

"Nawa na, likita," na ce.

Na gaya mata komai, har gashin ruwan zafi da filayar mai agogo. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta karɓi kwalin ashanar, ta juye a farar takarda, ta ciro maɓalli ɗaya daga bakin Balkisu ta ajiye kusa da wani sabo fil, ta ba ni gilashi mai ƙara girma.

"Malam Umaru, kai mai aikin hannu ne. Duba tsagar nan, ka gaya mini me ka gani."

Na duba. Tsagar sabon tana da kusurwa huɗu tsaf. Ta tsohon ta buɗe baki, gefenta ya lotsa, kusurwar ta cinye.

Ta ce wayar da aka sa a zuwa na biyu ita ma mai kusurwa huɗu ce, kuma dole tsagar ta kama ta kam, kamar sifana da noti, sannan za ta iya juya haƙori tun daga saiwarsa. Haƙoran Balkisu saiwarsu ce ke buƙatar juyawa, aikin da ya fi kowanne neman ƙarfi. Roba in aka danne ta yau da gobe gajiya take yi, ta ba da kai a hankali, ga shi tana zaune cikin yawu dare da rana, ga zafin abinci, ga tauna. Da tsagar ta buɗe, sai waya ta riƙa juyawa ita kaɗai a ciki, haƙori yana nan inda yake. Ta ce kunnuwa biyu ni na karya su, ruwan zafin ma bai taimaka ba, amma tsagar ba ni na buɗa ta ba. Ko ban taɓa ba haka za ta yi.

Sannan ta sa yatsa a kan haƙori ɗaya na gaba ta girgiza shi, na ga ya motsa. Ta ce wayar da ta saki ta yi ta jan wannan ta inda bai kamata ba. Wata takwas sun tafi a banza, saiwoyin ba su gusa ba. In aka sake wata takwas irin waɗannan, ba ta da tabbacin wannan haƙorin da na kusa da shi za su zauna a bakin.

Ku ji halin ɗan Adam. Duk da abin da na gani da idona, sai na ji bakina yana tambaya ko akwai wata farar da ta fi wannan ƙarfi. Ta ce akwai mai roba da aka shimfiɗa wa ƙarfe a cikin tsaga, akwai kuma ta tangaran, amma ba ta da su, sai an aiko daga waje. Mai robar kuma ko tsagarta ta riƙe, kunnuwanta roba ne, suna karyewa, mu kuwa tsakaninmu da ita tafiyar kwana biyu ce. Ta juya ga Balkisu ta ce, "Malama, bakinki ne. Me kike so?"

Balkisu ba ta dube ni ba. Ta ce a hankali, kalmomin na maƙalewa, "Likita, sa abin da Yaya yac ce. Na saba."

Na sha jin maganganu masu zafi a rayuwata, ta Bello ma tana ciki, amma babu wadda ta taɓa yi mini abin da wannan ta yi. Mace da aurenta da aikinta ta yarda ta rasa haƙora biyu don kada a ce wanta ya yi kuskure. Na ji na tsani kaina a wurin nan.

"Sa na ƙarhe," na ce. "Wanda yaf fi kowane ƙarfi. Ko daga Jega za a hango shi, sa shi."

Aikin ya ci har bayan azahar. Ta kankare ragowar robar, ta wanke, ta manna na ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ta fara da siririyar waya saboda haƙorin nan mai motsi ya huta. Da za mu fita ta riƙe ni a ƙofa ta ce in na ƙara kusantar bakin nan da filaya, ita da kanta za ta hau motar albasa ta zo Aliero. Na ce mata na tuba.

Tanko ya yi lodin goro da manja, muka juyo. A hanya bakin Balkisu ya yi tsami, mayafin kuma yana nan a inda ya saba. Ni kuwa ina ta juya abu ɗaya a raina. Maiyama ce kafin Jega, Jega kafin Aliero. In ta sauka a gidan mijinta, sai ta yi wata da watanni ba ta leƙo gida ba, ba wanda zai ga komai. Ita ma ta san haka. Muna hango rumfunan Maiyama ta jawo jakarta kan cinya ta ce wa Tanko ya tsaya a mahaɗa.

"Wuce, Tanko," na ce.

Ta dube ni. "Yaya, Baffa na zaure yanzu. Da mutane."

"Na sani. Inna na son ganinki. Gobe ni da kaina za ni maishe ki."

Tanko ya rage gudu, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ga ba wasa nake ba, ya taka mota. Muka aika wa Bello saƙo ta bakin wani ɗan kabu-kabu.

Bayan la'asar muka isa. Zauren cike yake kamar kullum, masu karaya a kan tabarmi, 'yan rakiya a jikin bango. Baffa yana tsakiya yana jan ɗaurin wata ƙafa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Balkisu ta amsa gaisuwa ta bayan mayafi za ta wuce cikin gida, na ce mata ta tsaya ta nuna wa Baffa. Ta sauke mayafin. Hasken ƙofa ya faɗa kan ƙarfen, duk wanda ke zauren ya gani.

Baffa ya saki ɗaurin da ke hannunsa. Ya matso ya duba sama ya duba ƙasa, ya sa ɗan yatsa ya taɓa wayar.

"Mi yak kai ku ga wanga? Ba kai kaɗ ɗaure ta ba?"

"Ni niɗ ɗaure ta, Baffa. Karkace niɗ ɗaure. Ba hwaɗuwa ta ba, hannuna na. Kuma nis sa anka yi mata na roba don kar ku gani, yal lalace, ta kusa rasa haƙora."

Ban rage murya ba. Wani mutumin Jega da ya kawo wansa da karayar hannu, wanda ni yake jira tun safe, ya tashi a hankali ya ja tabarmarsu zuwa ɓangaren Baffa. Ban ga laifinsa ba.

Baffa ya dube ni. Sannan ya ce da Balkisu ta shiga wurin Inna, mahaifiyarmu. Ya ce daga yau duk wanda aka kawo da karayar baki ko muƙamuƙi a gidan nan, a sa shi a mota zuwa asibiti. Ni kuma ya nuna mini damin karan ɗori da ke kusurwa da wuƙa, ya ce in koma can sai ya neme ni.

Yau sati biyar ke nan bai neme ni ba. Ina nan ina fere kara, aikin da na bari tun ina ɗan shekara goma sha biyu, mutanen da na ɗora wa ƙafafu suna wucewa suna gaishe ni da ido. Ba daɗi, ba zan ce da daɗi ba. Jiya Bello ya biyo ta zauren, wannan karon ya zauna. Ya ce ba maɓallin da ya motsa ko ɗaya, kuma Balkisu ta ce a gaya mini haƙoran suna yi mata wani irin ciwo can cikin dasashi, inda ba ta taɓa jin komai ba duk watannin roba. Na tambaye shi ko in nemo mota. Ya ce a'a, likita ta riga ta gaya mata, in ta ji ciwo a wurin nan, saiwar ce ta fara tafiya zuwa mazauninta.